Fasto, Yi Sallama Kafin Ka Shigo

Maganar da zan yi yau ta daɗe tana cin raina, kuma na san wasu za su ce na taɓa bawan Allah. To, ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

A nan ƙasar Haɗeja mu Kirista 'yan kaɗan ne a tsakiyar 'yan'uwa Musulmi. Kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, fadamar da mazajenmu ke noman shinkafa ɗaya. Maƙwabciyata ba ta taɓa shiga coci ba, ba ta san abin da ake karantawa ran Lahadi ba. Abin da take gani shi ne yadda faston namu yake tafiya, yadda yake gaisuwa, da yadda yake shiga gidan mutane. Da wannan take auna mu duka.

Wata rana da hantsi maigida ya tafi gona, ina tsakar gida ina daka da ɗaurin ƙirji, sai na ga mutum tsaye a kaina. Wani matashin fasto ne, ya ratsa zaure ba sallama, ya miƙo mini hannu yana dariya. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Ya zauna, ya yi addu'a, rabin zaman yana latsa waya. Da ya fita, tsohuwar da muke katanga ɗaya ta leƙo ta ce, "'Yar nan, wane ne wannan da yake faɗa wa matar aure haka?" Na ce, "Iya, malaminmu ne." Ta yi shiru, ta ce, "Malami?" Wallahi wannan kalma ɗaya ta fi mari zafi.

Ban ce yana da mugun nufi ba. Amma a ƙasar da ake rubuta "ba shiga" a ƙofar gida, tsarkin zuciya kaɗai bai isa ba. Idan zance ya tashi, shi za a iya yi masa canjin wurin aiki, ni ce zan zauna da tabon, ni da mijina da 'ya'yana.

Ba haka muka gada ba. Mishan ɗin SIM ya soma a 1893, an fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Tsofaffin masu bishara da suka fito daga makarantun Baibul na Hausa, iyayenmu sun ce sukan tsaya a zaure su aika yaro, su cire takalmi, su durƙusa wa dattijo ko da ba addininsu ɗaya ba. Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 3, ya lissafa halin shugaban ikilisiya: kamun kai, rashin son kuɗi, iya riƙe gidansa, da kyakkyawar shaida a bakin mutanen waje. Wannan ta ƙarshe ita ce muke wasa da ita.

Sai maganar ciki. A daminar 2022 kogi ya yi ambaliya, ruwa ya cinye gonaki a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri. Akwai fastocin da suka naɗe wando suka taya mutane kwashe kaya, Allah ya saka musu. Amma akwai wanda ya je jaje gidan da ruwa ya ci, aka yanka masa kazar da ta rage, ya cinye, ya kuma tuna wa matar gidan alkawarin baikonta. Haba Baba Fasto! Makiyayi ba ya tatsar saniyar da ta rame.

Na san albashin yawancinsu ba ya kai su ƙarshen wata, kuma muna da laifi a nan. Mu ne ba ma kula da su ta hanyar da ta dace, mu ne kuma muke ɓata su da "Baba ya ce, Baba ya ce", har ba mai iya yi musu gyara.

Don haka ga shawarata. Idan fasto zai zo, ya sanar da maigida, ya zo da matarsa ko wani dattijon ikilisiya, ya yi sallama ya jira a amsa. Ke budurwa, kada ki je ɗakinsa ke kaɗai da sunan shawara. Tafi da wata uwa daga Zumuntar Mata. Ke matar aure, idan ya zo maigida ba ya nan, ki gaishe shi daga zaure da ladabi ki ce, "Baba, sai ya dawo." Ba raini ba ne, mutuncinsa kika tsare tare da naki. Ke kuma matar fasto, ke ce za ki iya gaya masa abin da mu ba za mu iya ba.

Allah ya ba mu makiyaya nagari, mu kuma ya ba mu bakin faɗar gaskiya. Amin.