Idon da ke zaɓen iri a ƙasar Birnin Gwari

Daga Kuyello zuwa Randagi, daga Dogon Dawa zuwa ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku, akwai wani aiki da gogaggen manomi ba ya wakilta yaro a kansa. Yana iya ɗaukar 'yan ƙodago su yi huɗa, su yi noma, su sare kara. Zaɓen irin da za a shuka baɗi kuwa na maigida ne, ko na tsohuwar gida wadda idonta ya ga damina da yawa.

Ana yin sa da kaka, dawa ta nuna amma tana tsaye ba a sare ba. In an kai ta masussuka, ƙwaya kaɗai za ka gani. A gona kuwa uwar tana gabanka. Sai ka ga mutum ya ratsa kunya-kunya, ya wuce na bakin gona bai ko kalle su ba, ya nufi tsakiya. Zai kama kara ya girgiza, ya ji ko zai jure iskar ƙarshen damina. Zai dubi gindi, ya ga ko wuta-wuta ta kewaye shi amma duk da haka ya yi kai. Sa'an nan ya tanƙwaro zangarniya ya auna nauyinta a tafin hannu, ya murje ƙwaya biyu ko uku, ya sa ɗaya a haƙori. Wadda ta fashe da ƙara, mai ƙarfi ce, ƙwaro ba zai yi saurin cin ta a rumbu ba. Wadda ya ga ɗigon burtuntuna a jikinta, ko kusa da ita ba ya ɗauka. Zangarniyar da ta fi kowace girma don ta tsiro inda aka taɓa jibge taki, ita ma wucewa yake yi, domin ya san ƙibar taki ba ta bin jini. Wannan bambancewa tsakanin abin da ƙasa ta ba tsiro da abin da ya gada, ita ce ƙashin bayan ilimin gadon halitta gaba ɗaya, kuma shi da ido yake yin ta.

Abin da ya zaɓa sai a ɗaure daban, a rataye a inda hayaƙin murhu ke kaiwa, ko a sa can cikin rumbu inda hannu ba ya isa. Ko yunwar bazara ta matsa, ba a taɓa shi. Ta haka kaura ta zauna kaura, farafara ta zauna farafara, kaka da kakanni.

Masara ta fi wuyar sha'ani. Dawa galibi kanta take yi wa barbara, masara kuwa iska ce ke kwasar bununinta ta kai gonar maƙwabci. Shi ya sa wanda ya shuka fara kusa da mai shuka rawaya, in ya ɓare goyo sai ya tarar da ƙwayoyin rawaya jefi-jefi cikin fararen. Mai zaɓen iri ba ya ɗaukar irin wannan goyon. Yana neman wanda ɓawonsa ya rufe baki ruf, layukansa a miƙe, ƙwaya ta cika har tsini, kuma yakan ɓantare na kai da na gindi ya ajiye na tsakiya.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji Hausawa, amma manomi ya san wani lokaci ɗan yakan ɗauko kaka ya tsallake uba. Wanda ya fara gano ƙa'idar hakan wani limamin Kirista ne, Gregor Mendel, a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yau. Tsakanin 1856 da 1863 ya yi ta haɗa auren wani waken Turawa a lambun gidan ibadarsu, yana ɗaukar bununin wannan fure ya sa wa wancan da hannunsa. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duk dogaye suka fito. Da ya shuka irin waɗannan 'ya'yan, sai gajarta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Ashe gajartar ba ta narke ba, ɓuya ta yi. Ya buga sakamakonsa a 1866, duniya ta yi biris da shi har ya mutu a 1884. Sai a 1900 masana uku, Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak, suka farfaɗo da aikinsa. Abin da ya bambanta shi da manominmu shi ne ƙidaya: shi ya ƙirga ya rubuta. Haƙurin jiran damina bayan damina kuwa, da kaifin ido, duk ɗaya ne.

Lissafin nan nasa ne ke bayyana abin da ke ba manoma mamaki game da masara mai aure da ake saye a leda. Shekarar farko gona takan fito kai ɗaya, goyo manya. In aka ɗebi iri daga cikinta aka maimaita, sai ta tarwatse, wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Ba ha'inci ba ne. Halayen iyayen da suka ɓuya ne suka sake fitowa.

Masana ma sun yi wa manoman Arewa shaida. A cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, wadda ta samo asali tun 1922, wani mai bincike, D. L. Curtis, ya nazarci dawar gargajiya ta sassan Najeriya. A 1968 ya bayyana cewa dawar kowane yanki tana fitar da kai ne daidai lokacin da ruwan yankin ya saba ɗaukewa, domin tsawon yini take bi. Ko an shuka da wuri ko an makara, ƙwayarta za ta nuna cikin bushewa, ba ta yi funfuna ba. Wannan saiti bai faɗo daga sama ba. Hannuwan masu zaɓen iri ne suka daidaita shi, zangarniya bayan zangarniya, cikin ɗaruruwan shekaru.

Shi ya sa asarar da ta'addancin 'yan bindiga ya jawo wa ƙasar Birnin Gwari ta wuce ta buhunan hatsi. Ƙauyen da aka tasa, aka ƙone rumbunansa, har da irinsa ya tafi, kuma ƙwayar dawa ba ta daɗewa a ajiye ba tare da ƙarfin tsirowarta ya ragu ba. Bayan sulhun da aka yi da 'yan bindigar a ƙarshen 2024 mutane sun fara komawa gonakinsu. Irin Samaru zai taimaka ƙwarai, amma ya kamata masu bincike da malaman gona su bi tsofaffin da suka tsira da ɗan daminsu, su karɓi samfuri su adana, su rubuta sunan kowane iri da ƙauyen da ya fito, tun masu iya bambance su suna raye.