Zane a Zariya, Kallo a Legas

Tun 1958, da ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Zariya take yaye masu zane. Aƙidarsu ita ce a ɗauki fenti da buroshin Bature a zana abin gida. Amma duk wanda ya bi sawun na bayansu, daga Gani Odutokun da ya rasu a 1995 zuwa Farfesa Jerry Buhari, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Zariya, zai ga a nan ake yin aikin, ranar baje koli kuwa galibi sai a naɗe shi a nufi Legas, inda gidajen nunin Ikoyi suke, da kasuwar Art X da aka fara a 2016. Wannan nisa asara ce da ta shafi mai zanen kansa. Mutumin garin Kankiya, misali, ya san launin sama idan hunturu ya buso, ya san yadda doki yake cijewa a ƙarshen jahi. Shi ne zai iya cewa an dace ko an kuskure a zanen, kuma shi ne ba a gayyata ba.

Za a ce Bahaushe ba ya son zane saboda maganar hoton mai rai. Maganar malamai tana da nauyinta, sai dai ba ta rufe ƙofar duka ba. Al'ummar da take biyan mai zayyana ya ƙawata allon sauka, take ɗora dagi a fuskar soro, take tantance aska takwas mai kyau da ta ƙwauron zare, ba za a kira ta baƙuwar layi da launi ba. Yawancin aikin Jerry Buhari ma ɗigo ne da kwararar launi a kan lalacewar ƙasa da muhalli, abin da manomi yake gani a gonarsa kowace damina.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi: masu saye suna Legas, mai zane kuma da cefane a wuyansa. Gaskiya ne. To amma sayarwa daban, nunawa daban. Ayyukan ɗalibai da sashen zane na jami'ar yake tarawa ba ciniki suke jira ba, ido suke jira. Kankiya tana kan titin Kano zuwa Katsina, a Katsina kuma ga gidan tarihi a ginin tsohuwar kwaleji. Malaman Zariya da hukumar gidan tarihin su ɗauko zane ko ashirin ne, a rataye su mako guda a Katsina, mako guda a ɗakin taron wata sakandare a Kankiya, a kira masu zayyana da maɗinka hula su zo su faɗi abin da suka gani.