"Ka Ga Likitan Ƙafa": A Ina Mutumin Roni Zai Same Shi?

In kana karanta shawarwarin ciwon suga da ake turawa a WhatsApp da Facebook, ka san inda suke ƙarewa: ka riƙa ganin likitan ƙafa duk shekara. Ba ƙarya suka yi ba, amma kwaso maganar aka yi daga ƙasashen da sana'ar ke da makarantunta. A Amurka shekara 4 ake karatunta bayan digirin farko, sannan a yi 3 ana horo a asibiti. To, dattijon Roni ko Gwiwa fa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba sa gaya maka aikin da likitan ke yi. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage jinin da ke isa can. Sai mutum ya taka ƙaya a gona bai sani ba, ko ya kara ƙafa da kaskon wuta lokacin hunturu har ta ƙone. Likitan yana da wani siririn zaren roba mai lanƙwashewa a nauyin giram 10, ya dangwala maka a tafin ƙafa. In ba ka ji ba, akwai haɗari. Ya laluba bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu. Ya kankare kanta da mataccen nama, ya gyara takalmi yadda nauyi ba zai sauka kan gyambon ba, don gyambon da ake takawa da wuya ya warke.

Kankare nama aikin ƙwararre ne, kar ma ka fara. Amma gwajin zare da na bugun jini, ma'aikacin asibitin ƙauye zai iya koya. A Tanzaniya da Indiya, shirin Step by Step likitoci da malaman jinya ya koya wa kula da ƙafar mai suga, bai jira makarantar likitocin ƙafa ba.

Ga kuma abin da shawarwarin ba su san da shi ba. Ba su san mai yankan farce da rezarsa a kasuwar Babura ba, alhali ɗan yanka kaɗan ya isa ya buɗe ƙofar gyambo. Ba su san muna wanke ƙafa sau da dama kullum wajen alwala ba. Nan ne lokacin da za ka leƙa tsakanin yatsu da faso, ka goge su bushe. In ka ga rauni, kumburi ko baƙi-baƙi, ka nufi Babban Asibitin Kazaure a ranar, kar ka tsaya gasa wurin da ruwan zafi.