Filin Fenway Na Birnin Boston: Abin Yabo Da Abin Zargi

A birnin Boston na ƙasar Amurka akwai wani tsohon filin wasa da ake kira Fenway. Nan ne gidan ƙungiyar Red Sox, watau masu jar safa, waɗanda wasan besbol ne sana'arsu. Shi wannan wasa ɗan'uwan kurket ne na mutanen Ingila. Mutum tara ke kowane gefe. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make shi da kulki, sa'an nan ya sheƙa da gudu ya ratsa zango uku ya komo inda ya tashi. In ƙwallon ya haye katanga ya fice daga fili, to, mai dukan ya kewayo abinsa ba mai tare shi.

An buɗe filin ran 20 ga watan Afrilu, 1912, kwana biyar bayan nutsewar jirgin ruwan nan Titanic. Cikin filayen manyan ƙungiyoyin besbol duka babu wanda ya girme shi.

Baƙon da ya shiga, abin da zai fara lura da shi shi ne filin nan a karkace yake. Dalili kuwa tituna ne suka riga shi zama a wurin, sai magina suka cusa shi tsakaninsu yadda ya samu. Ta hannun hagu wuri ya ƙure, daga inda mai duka ke tsayawa zuwa iyaka ƙafa 310 ne kawai. Saboda haka aka ta da bango mai tsawon ƙafa 37, aka shafe shi da koren fenti a 1947, har mutane suka laƙaba masa suna Koren Dodo. A nan ginin ya fi cancantar yabo, domin bangon nan yana sa hannu cikin wasa kamar shi ma ɗan wasa ne. Ƙwallon da aka daka da ƙarfi amma bai yi sama ba, wanda a wani fili da ya wuce, sai ya bugi bango ya komo. Wanda kuwa ya lula sama a sanyaye sai ya haye, a ci riba da shi. Mai tsaron wannan gefe tilas ya san halin bangon kamar yadda masunci ya san halin kogi, in ba haka ba ƙwallo ya ba shi kunya gaban jama'a. A gindin bangon akwai allon lissafi wanda har yanzu da hannu ake sarrafa shi, ma'aikata na daga ciki suna rataya lambobi.

Filin bai cika cin mutum 38,000 ba, kujerun kuma sun matso kusa da 'yan wasa, har na gaba suna iya jin maganarsu. Wannan ma abin so ne.

Amma fa mai kuɗin shiga yana da ƙorafi, kuma ƙorafinsa na gaskiya ne. Ginshiƙan ƙarfe da ke riƙe da rufi sun tsaya a gaban waɗansu kujeru, har mutum ya biya kuɗinsa ya wuni yana leƙe kamar mai satar kallo. Tsofaffin kujerun katako matsattsu ne, gwiwa na dungurin bayan na gaba. Waɗansu na hannun dama kuma ba su fuskanci mai duka ba, sai an karkata wuya awa biyu ko uku. Ga shi kuwa kuɗin shiga Fenway yana cikin mafi tsada a wasan nan. Masoyan filin sukan ce wai wahalar ma ado ce ta tsufa. Wannan magana ce ta wanda bai zauna bayan ginshiƙi ba.

Duk da haka, da aka fito da shirin gina sabon fili a maƙwabta a 1999, mutanen gari suka ƙi, kuma sun yi daidai. Sababbin masu ƙungiyar, su John Henry, da suka saye ta a 2002, sai suka zaɓi gyara. A 2003 suka sa kujeru a bisa Koren Dodo, a 2004 kuma ƙungiyar ta ci babban kofi wanda rabonta da shi tun 1918. Filin Detroit da aka buɗe rana ɗaya da Fenway an bar wasa cikinsa a 1999, daga baya aka rushe shi.

Akwai sauran magana, ita ce mafi nauyi. Filin nan gwani ne wajen tuna abin da ke masa daɗi. Cikin korayen kujeru na can nesa akwai guda ɗaya ja, alamar inda ƙwallon Ted Williams ya faɗa a 1946, nisan ƙafa 502. Amma a wannan fili ne, cikin Afrilu 1945, aka gwada Jackie Robinson da waɗansu baƙaƙen fata biyu, aka sallame su, ba a sake nemansu ba. A 1947 ƙungiyar Brooklyn ta ɗauki Robinson, ya zama zakara. Red Sox kuwa ba ta sa baƙar fata cikin wasanta ba sai 1959, da zuwan Pumpsie Green. Cikin ƙungiyoyi 16 na lokacin ita ce ta ƙarshe, har Robinson ma ya riga ya bar wasa.

Mai ƙungiyar a zamanin shi ne Tom Yawkey, wanda ya riƙe ta daga 1933 har mutuwarsa a 1976. Masu kāre shi sukan kawo dukiyar da gidansa ya zuba wa asibitoci da marasa lafiya, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai kyauta ga asibiti ba ta mayar wa ɗan wasa shekarun da aka hana shi. A 2017 waɗansu 'yan kallo suka zagi Adam Jones na ƙungiyar Baltimore saboda launin fatarsa, har Red Sox ta ba shi haƙuri. A 2018 aka cire sunan Yawkey daga titin da ke ƙofar filin, aka mayar masa da sunansa na dā, Jersey. An yi abin kirki, ko da yake an makara ƙwarai.

Lambar rigar Robinson, 42, tana rataye a Fenway tare da na gwanayen Boston. Baƙo na iya zaton tuba ce ta mutanen gidan, alhali kuwa hukumar wasan ce ta ajiye lambar a dukan ƙungiyoyi a 1997, Boston ta bi umurni kamar kowa. Nata jajaye ne, tasa shuɗiya.