Wa Ake Yi wa Hawan Daushe?

A saman soron gidan goggona, daf da Kabara, na koyi kallon hawa. Tun bayan azahar ake ɗaukar tabarmi ana hawa da su, yara a gaba, matan gida a baya da lulluɓinsu, an ajiye kwanon cincin da alkaki a tsakiya. Kafin ka ga doki ko ɗaya, kunnenka ya riga ya gaya maka abin da ke tafe. Ƙarar bindiga daga nesa, sai warin albarushi ya biyo iska, sai ƙura ta tashi ta rufe kan titi. Goggo ba ta ko ɗaga kai daga ƙullin goronta. Da ta ji tashin kiɗa sai ta ce hakimi wane ne ya karyo kwana, ta faɗi sarautarsa, ta faɗi gidan da ya fito, wani lokaci har ta ba mu labarin dokin da mahaifinsa yake hawa. Ban taɓa jin ta yi kuskure ba. Idan tambari da kakaki suka taso kuwa, ita kanta miƙewa take yi, guɗa ta kaure daga soro zuwa soro.

Hawan ƙarshe da na kalla a wannan soron, goggo ta daɗe da rasuwa. Yaran gidan sun cika wurin kamar da, amma fiye da rabinsu sun juya wa dawakin baya, sun ɗaga waya suna ɗaukar fuskokinsu domin mahaya su fito a bayansu. Wata 'yar ƙanwata ta ja hannun rigata ta ce, "Kawu, wannan mai jan rawanin wane ne?" Na gaya mata dogari ne. Ta sake nuna wani mai lifidi, na yi mata bayani. Da ta tambayi sunan sarautar wani hakimi da ya wuce da 'yan sulkensa, na juya ina neman mai taimaka mini, babu ko mutum ɗaya a soron da ya sani. Kowa ya ɗauke shi a waya, babu wanda ya gane shi. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau.

Ba ni da faɗa da waya. Ina da 'yan uwa a Jidda da Kumasi waɗanda ta nan kaɗai suke ganin Sallar gida, kuma na san yadda hawaye ke zubo musu in suka ji algaita. Abin da ke damuna shi ne yadda muka soma ɗaukar kallon birni a matsayin abin da ake shiryawa domin idon wani, ko baƙon da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ko baƙon da ke can bayan gilashin waya, mu kuma masu abin mun koma 'yan rakiya.

A watan Disamba na 2024, a birnin Asunción na ƙasar Paraguay, hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Na yi murna sosai, na kira abokai muka taya juna barka. Sai dai duk hirar da ta biyo baya, a rediyo da a majalisun dare, kusan kanta ɗaya: baƙi nawa za su zo, otal nawa za a cika, kuɗi nawa za su shigo. Da wuya ka ji an ambaci tsohuwar da ke saman soro, ko yaron da aka goya a wuya domin ya hango lema, alhali su ne suka riƙe hawan nan tun kafin a san wata hukuma.

Ai Kano ba yau ta fara ganin baƙi ba. Wangarawa sun zo sun zauna, Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zo har suka bar mana unguwa mai suna Dandalin Turawa. Cikin matafiyan Turai, Clapperton ya shigo a 1824, Barth ya biyo baya a 1851, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalin Barth shi ne saƙa da rini da yadda tufafin Kano ke ratsa Sahara.  Sun tarar da mutane suna harkar gabansu a Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma wannan harkar ita ce ta burge su har suka cika littattafai. Mai zuwa birni yana zuwa ne domin akwai rai a cikinsa, ran kuwa na mazauna ne.

Je ka marinar Ƙofar Mata ka ga inda wannan tunani yake kai mu. Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin. Na zauna can wata safiya tare da wani dattijon marini da muka saba, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, shuɗin da sabulu ba ya fitarwa. Rijiyoyi da yawa a bushe suke, wasu an rufe su. Muna hira sai ga mota ta kawo baƙi da ɗan jagoransu. Dattijon ya miƙe, ya ɗauko wani ƙyalle da na lura an riga an rina shi tuntuni, ya tsoma a baba, ya ɗaga, ya sake tsomawa, aka yi ta ɗaukar hoto. Minti goma ba su cika ba suka ba shi ɗan abin goro suka wuce wurin masu bugu. Da ya dawo ya zauna na ce, "Baba, wannan ƙyallen ai ya sha baba." Ya ce, "Ɗana, wannan na masu hoto ne. Na masu sawa sai a yi sati ban samu ba." Ya faɗe ta ba tare da fushi ba, ni kuma na kasa cewa komai. Mutumin da ya san yadda ake haɗa baba da toka da katsi, ya san kwana nawa rijiya za ta yi kafin ta nuna, ya san ta da wari kawai, yau kwaikwayon sana'arsa yake yi domin ya ci abinci. Laifin bai hau kan baƙin ba, su abin da aka nuna musu suka gani. Mu ne muka daina sa abin da yake rinawa.

Ina tsoron kada hawa ya bi wannan hanya. Wanda bai zauna cikin birni ba yana zaton hawan Sallah kwana huɗu ne ko biyar: hawan Idi daga filin Ƙofar Mata, a tsaya a Gidan Shettima, washegari Daushe, sannan Nasarawa, sannan Ɗorayi ko Fanisau. Mu da muka tashi a lungunan mun san hawa tun Sha'aban yake farawa. Badukai na ɗinkin kayan doki, masu sirdi na gyara, maƙera na buga linzami da likkafa, masu ɗinkin hannu na kwana a kan aska takwas, masu naɗin rawani na karɓar alkawari, masu ciyawa da dusa na shigowa daga ƙauye, makaɗa na ɗaure fatar ganga. Har mai gurasar Jakara da mai ƙosai da mai sayar da ruwan sanyi sun san lissafin da suke yi a kan waɗannan ranaku. Da annobar korona ta hana hawa a 2020, sannan rikicin sarauta ya sa aka dakatar da shi a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025, labaran da aka yi ta bugawa sun fi karkata ga baƙin da suka yi asarar tikitin jirgi. Ni kuwa wani baduku nake tunawa a Kurmi, wanda na tarar ya jera kayan doki guda bakwai da aka ba shi aiki, an ba da kafin alƙalami, ba a dawo an karɓa ba. Yaran da ke koyon aiki a wurinsa biyu sun tafi tuƙa adaidaita sahu. Baƙo in ya rasa hawan bana zai tafi wani gari, ko ya dawo baɗi. Yaron da ya ajiye basilla ya kama sitiyari ba ya dawowa.

Hawa ma dai yana da masu tsaya masa, tunda na sarakuna ne. Ƙananan wasannin da ke cika sauran kwanakin shekara su ne marayu. Da muna yara, goma ga azumi na yi gari ya ɗauki tashe. Bayan an sha ruwa yara maza su shafa bula, su yi gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, 'yan mata su kifa ƙwarya a ruwa suna kaɗawa, a bi gida gida ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Kowane wasa da abin da yake zungura: malamin da ba ya aiki da karatunsa, mai rowa, mijin da ba ya riƙe gida, tsohon da ya ƙi girma. Nalako, sarkin gwagware, shi kuma ya fito farautarsu, ya ɗaure wanda ya kama, gari ya yi ta dariya. A nan yaron birni ke fara koyon tsayawa gaban mutane ya yi magana, a nan yake gane cewa al'umma tana ganin halin kowa. A 'yan shekarun nan an sha dakatar da tashe a Kano saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Ban raina wannan dalili ba, domin na san gidajen da aka shigar wa da gawar ɗansu a irin waɗannan dare. Amma idan ɓera ya shiga rumbu ai ba a cinna wa rumbun wuta. Masu unguwa da dattawan lungu da 'yan sintiri sun san yaran kowane gida. Za a iya cewa ƙananan yara su yi tashensu cikin unguwarsu, daga shan ruwa zuwa ƙarfe tara, da babba ɗaya yana biye da su. Abin da muka samu a maimakon haka shi ne tashen da manya ke yi a gaban kyamara, a saka a TikTok, yaro yana kwance a ɗaki yana kallo. Ya ga wasan, amma bai taɓa jin faɗuwar gaban da ake ji ba in aka yi sallama a zauren da ba a san mai shi ba.

Haka 'yan kama suka yi ƙaranci, haka 'yan gambara, haka kiɗan ƙwarya na matan cikin gida ya koma sai an ɗauko shi haya a ɗakin taron biki. Rawar koroso tana nan da kyanta, amma yaron Yakasai ko na Mandawari zai iya girma bai taɓa ganin ta da idonsa ba, domin an fi fito da ita ranar da aka yi manyan baƙi. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo: a ce ɗan gari sai ya laɓe a bayan baƙo kafin ya ga rawar garinsu.

Mutanen Marrakesh a Maroko sun riga mu shiga wannan hali. Dandalinsu na Jemaa el-Fna ya samu shaidar UNESCO tun 2001, kuma babban dalilin shi ne masu ba da labari da ke tara jama'a a da'ira suna zuba tatsuniya da hikaya. Baƙi sun ƙaru, rumfunan abinci sun ƙaru, masu wasa da maciji da biri suna samun na hoto. Masu ba da labarin kuwa sai raguwa suka yi ta yi, domin sana'arsu tana bukatar mai jin harshen, mai zama ya saurara, mai dawowa gobe ya ji ƙarashen. Baƙo ba zai iya zame musu wannan ba, komai kyan niyyarsa. Kirarin da maroƙi ke yi wa hakimi a Ƙofar Kudu shi ma haka yake. In babu kunnen da ya san abin da ake nufi, hayaniya ce kawai a cikin bidiyo.

Ina son baƙi su zo, ina son su cika Gidan Makama, su hau Dala su ga yadda birni ya shimfiɗu har Gwauron Dutse, su sayi jaka a wurin dukawa ba tare da an tsawwala musu ba. Ina dai roƙon masu tsara al'amarin su fara lissafi daga ɗan gida. Rumfar manyan baƙi a Ƙofar Kudu tana da amfaninta, amma a ware wuri mai inuwa ga tsofaffi da mata masu goyo da 'yan makarantun firamaren cikin birni, a sa musu wanda zai riƙa gaya musu wane ne ke wucewa, me ya sa sarki ke zuwa gaida Mai Babban Ɗaki a ranar Daushe, mene ne bambancin ɗan lifidi da ɗan sulke, me jahi ke nufi in mahaya suka sako dawaki suka ja linzami a gaban sarki. Gidajen rediyonmu da ke watsa hawa kai tsaye su nemo dattawan fada su zauna da su a lokacin, kafin su ma su bi goggo. Masu hannu da shuni da ke kashe dukiya a kayan dokin waje su tuna da badukun Kurmi. Mu kuma sauran, ko hula ɗaya ce, ko zane ɗaya, mu sa na Ƙofar Mata.

Bayan wancan hawan ƙarshe da na kalla a soron goggo na je wurin wani tsohon zagi da ke unguwarmu, na zauna da littafi da biro, ya yi ta jero mini sarautu da irin kiɗan kowacce da inda kowane hakimi ke tsayawa a jerin. Mun yi yamma uku muna yi, ban gama ba. 'Yar ƙanwar tawa ta riga ta haddace goma sha biyu, kuma ta ce in Allah ya kai mu hawa na gaba ita za ta zauna a inda goggo ke zama.