Labarin 'Yan Leƙen Asiri A Gadarif: Ƙarfinsa Da Rauninsa

Samarinmu suna son labaran 'yan leƙen asiri ƙwarai, ko a littafi ko a majigi. Yawancin irin waɗannan labarai a nesa suke faruwa, a Rasha ko a Amurka. Amma akwai ɗaya da ya taɓa mu a nan Gadarif. Sunansa The Red Sea Diving Resort, fim ne da Gideon Raff ya shirya, kamfanin Netflix ya fitar da shi a shekara ta 2019. Na kalle shi tare da matasan ikilisiya, muka yi ta gardama har dare ya raba.

Bari mu fara da abin da ya faru na gaskiya. Daga ƙarshen shekarun 1970, yaƙi da yunwa suka kori dubban mutanen Habasha zuwa Sudan. A cikinsu akwai Yahudawan Habasha, waɗanda suka yi tafiyar makonni da ƙafa har suka iso sansanonin jihar Gadarif, irin su Tawawa da Um Rakuba, suna ɓoye addininsu saboda tsoro. Sudan ba ta ga maciji da Isra'ila a lokacin. Sai hukumar leƙen asirin Isra'ila, Mossad, ta karɓi hayar wani masaukin baƙi da aka yi watsi da shi a Arus, bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 70 arewa da Port Sudan. Da rana ma'aikatanta suna koya wa Turawa nutso a teku, da dare kuwa suna kwasar mutane daga sansani a cikin manyan motoci zuwa jirgin ruwa, daga baya kuma zuwa jiragen sama da suke sauka a hamada.

Ƙarfin fim ɗin na farko shi ne ya san yadda ake riƙe zuciyar mai kallo. Wanda ya taɓa tsayawa a shingen soja da dare, ana haska masa tocila a fuska, zai gane abin da ake nunawa sa'ad da mota cike da mata da yara ta tunkari shinge, kowa ya riƙe numfashinsa. Na biyu, akwai ban dariya mai ma'ana. Masaukin na ƙarya ne, sai ga baƙi na gaske sun sauka da jakunkunansu, dole mayaudara su koma masu dafa abinci da gyaran gado. Ƙarya fure take yi, kuma mai ita shi ke wahalar ba ta ruwa. Na uku, ya tunatar da duniya wani al'amari da yawancin matasanmu ba su taɓa ji ba, ko da yake a bayan gidansu ya faru.

To, amma raunin nasa ba ƙarami ba ne. Da fari, an ɗora labarin duka a kan jarumi Bature, Ari Levinson, wanda Chris Evans ya fito a matsayinsa. Fushinsa, da taurin kansa, da matsalar gidansa, duk mun san su. 'Yan gudun hijira kuwa taro ne kawai a bayan mota, ba suna, ba magana. Alhali wanda ya buɗe wannan hanya malamin makaranta ne Bahabashe, Ferede Aklum, wanda ya tsere zuwa Sudan ya aika da saƙon neman taimako, ya kuma yi ta neman 'yan'uwansa a cikin sansani. A fim an mai da shi Kabede, mai rakiya. An kiyasta mutum kusan 4,000 ne suka mutu a hanya da cikin sansanoni saboda ƙishirwa da cuta da 'yan fashi. Wannan nauyi bai sauka a kan mai kallo yadda ya kamata ba.

Na biyu, mutanen Sudan da aka ba su baki kusan iri biyu ne: ma'aikaci mai cin hanci, da Kanar Abdel Ahmed mai harbin marasa ƙarfi. Mugunta ta faru, ba mai musu. Amma ina manomin dawa da riɗi da ya ba baƙo ruwa? A Namibiya da Afirka ta Kudu aka ɗauki hoton, shi ya sa ɗan Gadarif ba zai ga baƙar ƙasarmu mai laka ba.

Na uku, labarin siyasa ne amma siyasarsa ba ta da zurfi. Babban kwashe mutane, wanda aka yi wa laƙabi da sunan Musa, daga Nuwamba 1984 zuwa Janairu 1985 aka yi shi, aka ɗauki kusan mutum 8,000 ta filin jirgin Khartum. Hakan bai yiwu ba sai da matsin Amurka da yardar gwamnatin Ja'afar Numeiri a asirce. Bayan an hamɓarar da shi a Afrilu 1985, an gurfanar da mataimakinsa Umar al-Tayyib a kan wannan magana, aka ɗaure shi. Nan ainihin rikicin yake, amma fim ya fi son tseren mota.

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki muna da ma'auni. A Littafin Joshuwa sura 2 akwai 'yan leƙen asiri biyu da suka shiga Yariko. Ba a faɗi sunayensu ba. Sunan da aka ajiye mana shi ne na Rahab, matar garin da ta ɓoye su a kan soro, ta sa ranta cikin hatsari. Fim ɗin nan ya juya wannan tsari: ya riƙe sunan ɗan leƙen asiri, ya saki na mai gida da na matafiyi.

Shawarata ita ce a kalla, amma kada a tsaya nan. A 2020 aka sake buɗe Um Rakuba domin masu gudu daga yaƙin Tigrai, daga 2023 kuma 'yan Sudan da kansu suka yi ta kwararowa Gadarif. Kowannensu yana da suna da labari. In ka sadu da ɗayansu, ɗan'uwa, ka tambayi sunansa, ka kuma zauna ka saurare shi.