Baba ta Karo da tarihin da ake ajiyewa a tsakar gida

A watan Yulin 2024, da gwamnatin Kano ta mayar da Karaye masarauta mai daraja ta biyu, ta haɗa mata ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, an sake jin irin zancen da aka ji a 2019 sa'ad da aka fara ɗaga ta: wa ya gaji wa, wane gida ne ya daɗe da rawani. Irin wannan tarihi ba ya ɓata, don akwai masu cin tuwo da shi. Maroƙi ya haddace shi, magatakarda ya rubuta shi, lauya ya kai shi kotu. Wanda ba shi da mai tsaro shi ne tarihin gidan manomi, wato daga ina kaka ya taso, wa ya sari wannan gona, me ya raba gidan nan biyu.

Abin mamaki, ƙasar Rogo ce ta ba duniya ɗaya daga cikin fitattun labaran gida na Afirka ta Yamma. An haifi wata mata mai suna Baba wajen 1877, ta tashi a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, tana faɗi da Hausa ana rubutawa. Ta rasu a 1951, littafin kuwa, "Baba of Karo", ya fito da Turanci a Landan a 1954. Ba ta gan shi ba.

Abin da ta ajiye a kai ba ya cikin jerin sarakuna. Ta san danginta Barebari ne da suka zo daga Barno. Ta san rinjinsu da yadda bayi ke noma gandu su kuma noma nasu gayauna. Ta tuna yadda mahara ke ɗauke mata da yara a wannan yanki da iyakar Kano da Zazzau da Katsina suka haɗu, yadda ake gudu cikin ganuwar Zarewa, da yadda dangi ke tara wuri su fanso nasu. Zuwan Turawa, wanda littattafan makaranta ke ba shi babi guda da shekarar 1903, a bakinta ya zo ne a matsayin abin da ya sauya zaman rinji, bayi suka fara watsewa, noman gandu ya ja baya. Sai kuma aure da saki da goyo da ƙawance da bori da aikin ungozoma, dalla-dalla, har da wa ke kai wane kwano gidan wa ranar suna.

Amma kada a ɗauki tarihin baka tamkar wahayi. Na farko, ba ya riƙe shekara. Tsohuwa za ta ce "shekarar Kakalaba", sai ka koma takarda kafin ka san yunwar 1913 zuwa 1914 take nufi. Ga kuma kunya: mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗan farinta, sai laƙabi ya maye gurbin suna, bayan jikoki biyu a rasa ko mutum ɗaya ne ko biyu. Mafi nauyi, Baba 'yar masu rinji ce. Bayin Karo muna jin su ne ta bakin 'yar uban gidansu, kuma jikokinsu ba su da dalilin adana wannan babi. Da yawa sun gwammace ya mutu. Sannan mai tambayar baƙuwa ce, abin da ta ga ya cancanci tambaya shi ya sami fili.

Rubutaccen gefen ma akwai shi, sai dai a warwatse. A gidan malamai za ka tarar da kundi cikin gafaka, takardu sun yi ja, gefensu gara ta lasa. A bayan wata fa'ida ko laƙani, da tawadar da ta kode, malam ya rubuta da ajami cewa an haifi wane ranar Talata cikin Rajab, ko wance ta rasu daren Juma'a. A gidan manomi kuwa takardun haraji da na jangali ne a ƙasan adaka, ɗaure da tsumma. An tsane su a lokacinsu, amma su ne kusan kaɗai takardar da ke ɗauke da sunan maigida da garinsu shekara bayan shekara. Da gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 talaka ya huta, wannan rajista kuma ta tsaya cak. Kundin ma rabon gado ne ajalinsa: 'ya'ya su kasa shi, kowa ya tafi da ganyayensa.

Ƙasa ita ma tana riƙe labari. Dattijo kan nuna kuka ko kufai ya ce nan kakansa ya sauka. Inda ruwan madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, ya kwanta, babu sauran abin nunawa.

Mutanen duwatsun Afalashiya a Amurka sun fuskanci irin wannan ɓacewar tarihin gida, sai a 1966 wata makaranta a jihar Jojiya ta fara tura ɗalibai su ɗauki hirar tsofaffinsu, aikin da aka sani da Foxfire. Mu a nan abin da ya fi yaɗuwa yanzu shi ne bishiyar zuri'a da ake bugawa don taron zumunci, a watsa a WhatsApp. Tana da amfani, amma tsarin jerin sarakuna ta ara: wane ya haifi wane, namiji bayan namiji. Baba ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, 'ya'yan riƙo ta goya. A irin wannan bishiya ko reshe ba za ta samu ba.